Crusader Kings III, Europa Universalis IV ko Victoria 3: wanne ya kamata ɗan Sakkwato ya fara sa wa laftop ɗinshi?

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar ga tana yawan zuwa daga ƙannenmu da sunka ga hoton taswira a Facebook ko TikTok da sunan Sokoto ɓaro-ɓaro a kai, kowa sai ya ce yaya wane gem ne wanga, a ina zan samu, waya na ɗauka? To bari in yi bayani a nitse, don abin kuɗi ne da data da lokaci, kuma in mutum ya fara da wanda bai dace da shi ba kwana biyu zai goge ya ce shirme ne alhali ba shirme ba ne.

Duk ukun kamfani guda ya yi su, Paradox, na ƙasar Siwidin. Ba irin gem ɗin harbe-harbe ba ne, taswira ce gabanka kana riƙe da mulki, lokaci na tafiya kana iya tsayar da shi ka yi tunani ka ba da umarni ka sake shi. Kuma tun yanzu a sani babu ko ɗaya cikinsu da ke hawa waya, na kwamfuta ne, Crusader Kings III kaɗai ne kuma za ka samu a PlayStation 5 da Xbox na zamani. Ra'ayina tun farko kada in ja ku da nisa: zuciya za ta ja ka ga Victoria 3 saboda Sakkwato na ciki, amma in ba ka taɓa irin wanga wasa ba Crusader Kings III ya fi dacewa ka fara da shi, in kuma laftop ɗinka tsoho ne to Europa ce taka. Dalilan na tafe.

Crusader Kings III ya fito 2020, kana iya farawa daga shekarar 867 ko 1066, daga baya anka ƙara 1178, wasan na ƙarewa 1453. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ba ƙasa kake bugawa ba, mutum kake, sarki guda mai fuska da hali da mata da ɗiya da maƙiya, in ya mutu ka koma jikin magajinshi, in zuriyar ta yanke wasa ya ƙare ko da ƙasar na nan. Kuma a cikin mutanen da sunka zaɓo sunka sa a allon farko na 867 akwai Daurama ta Daura, wallahi ranar da na fara ganin sunanta jere da sarakunan Turai sai da na ji wani abu a raina. Sai dai a lura labarin Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu tarihin baka ne, shekarar 867 masu gem ɗin ne sunka aje ta a nan don ta shiga tsarinsu.

In ka ɗauke ta, kada ka saki lokaci sai ka gama duba gida. Wa ke majalisarka, waziri da sarkin yaƙi da ma'aji da mai leƙen asiri, in akwai wanda ya fi na kan kujera iyawa kuma ba mai ƙarfin da zai tayar maka da hankali ba ne ka canza. Ka zaɓi fannin rayuwa da ya dace da tarbiyyar da anka yi mata cikin biyar ɗin nan, yaƙi ko tattali ko diflomasiyya ko makirci ko ilimi, don wanda ya dace da tarbiyya ya fi saurin kawo maki. A mulkin ƙabila irin wanda take farawa da shi daraja ta fi zinari amfani, da ita ake ɗaukar ƙwararrun mayaƙa, kuma hanyar samunta ita ce hari, ka tada runduna ka faɗa ƙasar maƙwabci mai rauni ka kwaso ganima ka dawo kafin ya haɗa kanshi. Kada yawan 'yan gayya ya ruɗe ka, dubu biyu na talakawan da anka tara da sanduna ƙwararru ɗari biyar da barade nagari na iya watsa su, musamman in kai ke tsaye kan tudu su ne sunka ƙetaro gulbi.

Amma inda wasan ke karya mutane ba fagen fama ba ne, ranar rabon gado ce. Ka yi shekara arba'in kana haɗa ƙasar Hausa, ka ci Kano ka ci Katsina taswira ta yi kyau launi guda, sai allo ya yi duhu a ce sarki ya rasu, ka danna ka ci gaba sai ka ga ƙasar ta tsage gida uku, ƙaninka da jiya yake yaro a fada yau sarki ne mai tutar kanshi, hakiman da ke yi wa babanka biyayya duk lambar da ke nuna ra'ayinsu a kanka ta koma ja don ba su san ka ba, kafin shekara ta zagayo sun haɗa ƙungiya suna neman a tuɓe ka. Haka dokar gado take a farkon wasan, ana raba ƙasa tsakanin ɗiya. Maganinta tun sarki na da rai ake yi. Ka riƙe babbar sarauta guda ɗaya a sama kada ka tara ƙasar da ta isa masarauta biyu daidai wa daida, don in ta isa za a yanka ta biyun a ba ƙane ya zama mai cin gashin kanshi. In sarki ya tsufa ka daina gine-gine ka tara zinari, magaji na buƙatarshi don kyauta ga hakimai da hayar sojan haya. Ka riƙe tarbiyyar magaji da kanka ko ka ba wanda ya fi kowa a fada, kuma aure ba na soyayya kaɗai ba ne a nan, da shi ake ƙulla ƙawance, ɗiyarka guda a gidan sarki mai ƙarfi na iya hana a taɓa ka shekara ashirin. In mace kake bugawa ko magajiyarka mace ce ka tabbata ka danna zaɓin da ke sa ɗiyan su bi dangin uwa, in ba haka ba jikokinka na wani gida ne kuma wasanka ya zo ƙarshe.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa don mu musulmi ne kuma yara na karɓar laftop ɗinmu. Daurama a addinin Bori take farawa, har akwai wata lambar yabo da anka ware wa wanda ya yaɗa addinin gargajiya a duk Afirka da zuriyarta, to ba dole ba ne ka bi wannan, kana iya musuluntar da gidan in ka tara makin ibada, ko ka ɗauki sarki musulmi tun farko a Masar ko Andalus ko Bagadaza, har aikin Hajji ana zuwa a ciki. Sannan wasan na da makirce-makirce na kisa da neman matan mutane, ba ya tilasta ka amma suna nan, kuma akwai wurin kashe nuna tsiraici a saitin, ka kashe shi tun ranar farko. Ban ga dacewar a bar yaro ƙarami da shi ba.

Mi ya sa duk da haka na ce a fara da shi? Don abin da yake tambayarka abu ne da ka riga ka sani. Duk wanda ya tashi Sakkwato ya san mi ake nufi da gidan sarauta, ya san ɗan sarki da bai samu gadon ba, ya san auren da anka ƙulla don a kashe gaba. Kuma yana da koyarwa mai kyau, tana farawa da kai a wani ƙaramin sarki na Ayalan a 1066, kuma duk kalmar da ba ka gane ba in ka aza linzami a kanta bayani zai fito. Ko an ci ka da yaƙi ba lallai ka fita wasa ba, kana iya zama hakimi ƙarƙashin wani ka jira lokacinka.

Europa Universalis IV kuwa tsoho ne, 2013 ya fito, yana farawa 11 ga Nuwamba 1444 ya ƙare 1821. Nan ƙasa kake, sarki suna ne da lambobi uku kawai. Akwai Kano da Katsina da Zazzau, ga Borno a gabas, ga Songhai da Mali a yamma, ga Nupe da Oyo da Benin a kudu, Katsina ma cibiyar kasuwanci ce guda a taswirar fatauci ta wasan. Zamanin na da daɗi ga mai son tarihinmu, zamanin Muhammadu Rumfa ne a Kano da Askiya Muhammadu a Songhai da Kanta na Kabi mai Surame, har zuwa 1591 da sojan Maroko sunka karya Songhai a Tondibi, kuma shekarun jihadi tun daga hijira zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808 sun faɗo cikin ƙarshen lokacinshi.

Sirrin Europa maki uku ne da ke shigowa duk wata, na mulki da na diflomasiyya da na soja, kusan komi da su ake saye, fasaha da daidaita sabuwar ƙasar da ka ci da kwantar da tarzoma. Sabon ɗan wasa yakan watsa su ko'ina, wanda ya iya kuwa ya san fasahar soja ba a bari maƙwabci ya wuce ka ko da mataki guda. Abu na biyu, cin ƙasa da sauri na tara maka ƙiyayya a zukatan maƙwabta, in lambar ta kai 50 a wurin ƙasashe da yawa sai su haɗa kai su taso maka gaba ɗaya, kuma ta fi hauhawa in 'yan addininsu kake ci, don haka a ƙasar Hausa da kowa ke kusa da kowa sai ka ci kaɗan ka tura jakadu su gyara zumunci ka jira ta sauka. Abu na ukku shi ya fi ciwo: sabbin ci gaba da wasan ke ƙirgawa, irin farkawar ilimi ta wajen 1450 da injin ɗab'i na wajen 1550, galibi a Turai suke ɓullowa, kafin su iso Kano fasaha ta yi maka tsada. Dabarar da aka sani ita ce ka zuba maki masu yawa wajen raya gari guda, babban birninka ko wani mai ƙasar noma, har ci gaban ya tsiro a can da kanshi ya bazu. Yana cin maki amma ya fi zaman jira.

Matsalar Europa ita ce allonshi cike yake da maɓallai, shekara goma ana ƙara mishi kaya, kuma ƙarin da ake saye daban waɗanda ake kira DLC sun yi yawa ƙwarai, akwai ma guda mai suna Origins na 2021 da anka yi don ƙasashen Afirka irin Mali da Songhai da Habasha. Sauƙin shi ne akwai tsarin biyan wata-wata da ke buɗe maka su duka, ka biya wata guda ka gani in ya yi maka. Kuma ko shi ɗin ban ba ka shawarar fara koyo da Kano ba, ka fara da Daular Usmaniyya ko Fotugal ka gane kan abin. Europa na biyar ya fito ƙarshen 2025 yana farawa daga 1337, amma ya fi nauyi nesa ba kusa ba, mai tsohon laftop ya tsaya ga na huɗu.

To sai Victoria 3, wanda saboda shi mafi yawanku kunka yi tambayar. Ya fito 2022, yana ɗaukar shekara ɗari cif daga 1836 zuwa 1936, kuma Sakkwato na ciki a matsayin daular da za ka iya ɗauka, ɗaya daga cikin manya a Afirka ta Yamma. Ku duba shekarar da kyau, 1836 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, shekarar yaƙin Gawakuke, shekara guda kafin rasuwarshi a Wurno a 1837. Wato wasan na miƙa maka daular tana kan ƙarfinta ya ce ga shekara sittin da bakwai kafin 1903, shekarar da Turawan Ingila sunka shigo Sakkwato har Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, mi za ka yi da su? Ba ɗan Sakkwaton da zai ji wagga tambaya bai so ya gwada ba.

Sai dai wanga gem ba na yaƙi ba ne, na tattalin arziki da siyasa ne. Ba ka jan runduna da hannunka kamar sauran biyun, janar kake naɗawa ka tura shi bakin daga. Aikinka na kullum kamar na mai shago ne a Tsohuwar Kasuwa da littafin lissafi a hannu, mi ya yi tsada, mi ya yi kwantai, wa ke bina wa nake bi. Mutanenka mafi yawa manoman ci-da-kai ne, burinka ka fitar da su zuwa aikin da ke biyan albashi. Farkon abin da ake ginawa sashen gine-gine ne don shi ke sa komi ya yi sauri, amma yana cin katako da yadi kuma daga baitulmali ake biya, in ka faɗaɗa shi fiye da ƙarfin harajinka bashi zai shaƙe ka. Don haka jerin da ya fi lafiya shi ne wurin yankan katako da gonar auduga ko kiwo don yadi, sannan masana'antar kayan aiki, sannan haƙar ƙarfe, in ƙarfe ya wadata ka koma gini da shi. Duk kayan da ka ga farashinsu ya haura sosai a kasuwarka su ne wasan ke ce maka gina ni. In kuɗi sun yi ƙasa ka aza haraji kan kayan alatu, kada ka aza kan hatsi don talaka ne zai ji.

Siyasar ta fi wuya. Jama'a sun kasu ƙungiyoyi, masu ƙasa da malamai da soja da 'yan boko da talakawan karkara da sauransu, kuma a farko masu ƙasa ke riƙe da kusan komi, su kuma ba su son a taɓa dokokin da sunka gada, har da dokar bauta wadda tana nan a farkon wasan kamar yadda take a zamanin. Tsohon tsarin tattalin arziki na rage maka haraji da jari, dole ka fita daga cikinshi, amma in ka yi gaggawar tura doka alhali masu adawa da ita sun fi ƙarfi juyin juya hali za su yi maka ƙasa ta rabe biyu. Sai ka bi a hankali, ka gina abin da zai ƙarfafa wasu ƙungiyoyin, birane da jami'a da ma'aikatun gwamnati, ƙarfin masu ƙasa na raguwa kana wuce doka guda-guda. Ilimi kuma kada ka yi wasa da shi don yawan masu karatu ke sa fasaha ta yaɗu zuwa gare ka.

Ga kuma agogo na bugawa. Manyan ƙasashen Turai ba su ɗauke ka a matsayin tsara ba, haka wasan ya rubuta ka, daular da ba a amince da ita ba, kuma abin da ke tsare su daga cikin Afirka a farko zazzaɓin cizon sauro ne, da sun gano maganin kwinin za ka ga launinsu na hawowa daga bakin teku. Sakkwato ba ta da teku, don haka da yawa kan nemi hanyar kudu tun da wuri kafin a riga su, amma kowane yaƙin cin ƙasa na ƙara maka baƙin suna kuma yana iya jawo babbar ƙasa ta shiga faɗan, ka duba wa zai goyi bayan wa kafin ka buɗe baki. Gyara zumunci da Ingila ko Faransa tun suna nesa ba ragwanci ba ne, lokaci kake saye har ka samu masana'antar bindiga taka.

Abin da ke ɗan sosa min rai shi ne daular da ke cikin gem ɗin ba ta da ruhin wadda munka sani. Ba za ka ji ɗuriyar rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello ba, ba Nana Asma'u da 'yan taru, malamai duk an tattara su ƙungiya guda mai lamba, alaƙar Sakkwato da Gwandu da sarakunan da sunka karɓi tuta an taƙaita ta ƙwarai. Wanda ya yi wasan daga nesa ya hango mu. Don haka ɗalibi kada ya ɗauke shi madadin karatu, amma zai sa ka fahimci wani abu da wuya littafi ya sa ka ji a jika, wato yadda rashin ƙarfe da bindiga da hanyar teku ke ɗaure hannun mai mulki komi adalcinshi.

Hearts of Iron IV, wani gem ɗin Paradox, ban sa shi a lissafi ba, na Yaƙin Duniya na Biyu ne daga 1936, lokacin muna ƙarƙashin Ingila, mai son tankoki da jirage ya neme shi.

Yanzu maganar na'ura, wadda a garin ga ita ke yanke hukunci. Europa na tafiya a laftop mai RAM giga 4, Crusader Kings na son 8 kafin ka ji daɗinshi da ɗan katin hoto mai dama don fuskokin mutane, Victoria kuwa 8 ne mafi ƙaranci, 16 ake so, kuma ko da na'ura mai kyau in an wuce 1900 yakan fara jan ƙafa don lissafin jama'a ya yi yawa. A watan Afrilu da rana tsaka in ka kunna shi a ɗaki ba fanka za ka ji laftop na huci, wajen maɓallan sama ya yi zafin da ba ka iya aza yatsa, kada ka ɗora shi kan katifa ko darduma, ka samu tebur ka ɗaga bayanshi iska ta shiga, ka fi yin wasa da dare ko bayan asuba. Ka sa ya riƙa ajiye wasan da kanshi a kai a kai saboda ɗauke wuta. Bayan ka sauke ba ya buƙatar intanet in kai kaɗai kake yi, sauke shi da sabuntawa ne ke cin data, ka bari sai ka samu ta dare ko wayfai.

Wajen saye kuma kada ka yi gaggawa, Steam, kasuwar intanet da ake sayen gem ɗin kwamfuta, na yin babban rangwame wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba kuma gem ɗin Paradox na yawan shiga ciki, ka sayi gundarin kawai ba tare da DLC ba sai ka tabbatar kana so. Wanda ba shi da ko sisi a yanzu ya sauke Crusader Kings II, tun 2019 anka mai da shi kyauta, ya tsufa kuma allonshi ya fi rikitarwa amma zai nuna maka ko irin wanga wasa na jininka ne. In kuma ku abokai ne kuna son yi tare ta intanet, wanda ya buɗe wasan in yana da DLC duk sauran za su amfana da nashi, sai ku bar mai su ya riƙa buɗewa, ɗaya ya ɗauki Kano ɗaya Katsina ɗaya Borno a Europa ku yi alkawarin ba mai taɓa wani sai an kai 1500.